Daga Damazin zuwa Kano layi ɗaya ne a taswira, wa ya yanka shi gida biyar?

Baban Hafsa, Gadarif

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na zo da ƙoƙon bara wajen masana da dattawan da suka taka hanya da ƙafarsu, domin 'yata ta yi mini tambayar da na kwana uku ina juya ta.

Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa. A Mai Wurno aka haife ni, a nan ƙasar Sudan, kudu da Sinnar kaɗan, a bakin Nilul Azrak, can kuma aka binne mahaifina da kakana. Aiki ne ya kawo ni Gadarif, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa taka Nijeriya ba, amma da Hausa na buɗe baki, kuma har gobe in uwargida ta kaɗa miyar kuka, miyar kuka muke ce mata.

Ranar Lahadi Hafsa ta dawo daga makaranta da aikin gida. An ce su zana ƙasashen Afirka masu zafi, kowace su rubuta babban birninta da abin da take sayarwa a waje. Tana cikin yi sai ta ɗauki rulata, ta ɗora a kan Damazin, inda gwaggonta take aure, ta miƙe ta yamma. Na tsaya a kanta ina kallo. Rular ta ɗan gutsiri kan Sudan ta Kudu wajen Rank, ta bi ta Dalanj, ta hau Niyala, ta shiga Chadi ta faɗa Njamena, ta tsallaka wani siririn wuya na Kamaru, ta gogi Maiduguri, ta sauka a kan Kano daidai. Duk garuruwan nan suna kan layi na 12 arewa da ikwaita, ko dab da shi. Na auna da ma'aunin taswirar, kusan kilomita 2,800.

Sai ta ɗago ta ce, "Baba, in layinmu ɗaya da Kano, ashe damina ɗaya muke yi da su?" Na ce mata kusan haka ne. Ta ce, "To me ya sa ƙasa biyar ce? Kuma me ya sa littafi ya ce mu auduga da ƙaro da riɗi, Nijeriya man fetur, Chadi shanu da auduga, alhali dukanmu tuwon dawa muke ci?"

Da dare uwarta ta gaya mini abin da ya tono tambayar. Wata 'yar ajinsu ce ta ce mata ku Fallata baƙi ne, ku koma inda kuka fito, don Fallata ake ce wa mu da kakanninmu suka fito daga Afirka ta Yamma. Yarinya ce, abin da ta ji a gida ta faɗa, ban riƙe ta a zuciya ba. Amma tun rikicin Nilul Azrak na 2022, da aka rasa rayuka, mutanenmu da yawa suka bar gidajensu, kalmar nan in na ji ta sai jikina ya yi sanyi.

Abin da na gada daga bakin mahaifina shi ne wannan. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake ce wa Mai Wurno, shi ya ci gaba da ragowar jama'a har bakin Nilu. Kakana yana goye a lokacin. Mahaifina ya ce ba tafiya ce ta ɗauka-a-miƙe ba. In damina ta faɗi sai a yada zango a yi shuka, in an girbe a ɗaure kaya a ƙara gaba. Kuma irin da suka baro gida da shi a cikin burgami, shi ya yi ta ciyar da su. Gero daga ƙasar Sakkwato ya yi a Wadai, ya yi a Darfur, ya yi a Sinnar. Wannan magana ta fi kowace zauna mini a rai.

Tambayata biyu ce. Wa ya zauna ya ja waɗannan iyakoki, kuma da wane dalili? Sannan me ya sa kowace ƙasa ta rataya rayuwarta a kan kaya ɗaya ko biyu? Ina ganin abin da idona a nan Gadarif. Da kaka tireloli kan yi jerin gwano da buhunan riɗi zuwa Bur Sudan, ɗanye yadda aka karkaɗe shi, manomin da ya yanke shi kuwa kafin wata damina ya shiga bashi. Ina son amsar da zan gaya wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba tare da na yi mata ƙarya ba, kuma ba tare da na cusa mata ƙiyayyar kowa ba.

Alhaji Na-Misfala, Makka

Wa alaikumus salam. Malam, jikana ne ke rubuta mini, ido ya yi rauni. Allah ya raya Hafsatu, ya yi mata albarka. Hanyar da ta ɗora wa rula, ni da jikina na bi ta a 1955, ina ɗan shekara takwas, tare da mahaifina da mahaifiyata da ƙanwata. Sai dai tamu ta ɗan karkata arewa bayan Fallomi.

Daga Kano lori muka hau zuwa Yarwa, don jirgin ƙasa bai kai Maiduguri ba sai 1964. Daga nan Dikwa, Gamboru, muka shiga ƙasar Faransa, muka iske Kusuri, aka tsallakar da mu kogi zuwa Fallomi, wadda ku yaran yanzu kuke ce wa Njamena. Sai Ati, Abashe, Adare, Janaina, Fashir, Nahud, har Ubayyid inda muka fara ganin jirgin ƙasan Sudan.

A Kano fam da sule da kwabo mai huji ke aljihun mahaifina. A Fallomi aka ce sai faranka. A Janaina aka ce sai kuɗin Masar, jine da girshi, don a lokacin Sudan ba ta buga nata ba. A Jidda kuma riyal. Kowane canji sai an ci wani abu a ciki, ina jin mahaifina yana lissafi da dare yana salati. Harshen ɗan sanda ya canja, hularsa ta canja, takardar da yake nema ta canja. Tukunyar mahaifiyata kuwa ba ta canja ba. Ko'ina muka sauka akwai gero da dawa, akwai busasshiyar kuɓewa, sai dai su ce mata weka. Tsamiya su ce aradeb, zoɓorodo karkade, aduwa lalob, magarya nabak, goriba dom. Ita ba ta jin Larabci, da hannu take nunawa a kasuwa, ta dawo ta yi mana tuwo kamar muna Fagge.

Abin da ban manta ba shi ne kukokin wajen Nahud. Ƙasar ba rijiya, sai mutanen wurin suka rarake cikin kuka, su cika ta da ruwan damina, kowace kuka da mai ita. Na ga mutum ya hau sama ya zura guga ta wani rami a tsakanin rassa, ya jawo kamar mai ja a rijiya, ya sayar mana. Ruwan da sanyi, yana ƙamshin itace.

A Ubayyid guzuri ya ƙare. Haka muka gangara Jazira, kusa da Madani, muka yi kaka biyu muna tsinkar auduga. Tun asuba ake shiga, a fito a auna, a biya ka gwargwadon nauyi. Yatsun mahaifiyata duk sun tsattsage da tsinin kwanso. A can zazzaɓi ya ɗauke ƙanwata, aka binne ta a gefen wani ƙauye a bakin kwatar ruwa. Saboda haka, Malam, ka gaya wa Hafsatu ni ma ina da kabari a ƙasarku. Daga nan Sawakin, aka tsare mu aka yi mana allurai, aka sa mu jirgin ruwa, muka sauka Jidda a 1957.

A nan Takari ake ce mana, a wurinku Fallata. Amma ka fita Shara Mansur da magariba ka ga Larabawa a layin mai tsire, sun mai da sunan siriye. Ku ma na ji agashe kuke ce masa, kuma har Hartum ana ci. Maganar wanda ya ja iyaka kuwa, na bar wa 'yan boko.

Injiniya Abu Ammar, Bur Sudan

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya kai rahama kabarin ƙanwarka. Ustaz Baban Hafsa, na yi shekara goma sha tara ina aikin ban-ruwa a Jazira kafin yaƙi ya taso mu zuwa nan. Ga abin da zan iya bayarwa.

Hafsa ta yi gaskiya a kan damina. Iskar da ke kawo mana ruwa daga kudu maso yamma take tasowa, ta hauro arewa wajen Mayu da Yuni, ta juya a Satumba ko Oktoba. Iya inda ta kai da iya daɗewar da ta yi, su ke yanke abin da mutum zai shuka. Shi ya sa ƙasar take a shimfiɗe kamar saƙi, zube-zube daga yamma zuwa gabas. Can kudu kurmi ne na doya da koko da manja, sai namu na dawa da gero, sai na makiyaya, sai hamada. Da Larabawan da suka ce Biladus Sudan, wannan shimfiɗa gaba ɗaya suke nufi, tun daga Senegal har Bahar Maliya. Mali ma Sudan ta Faransa ake ce mata kafin 1960. Abin da ke bambanta gona da gona a cikin zube ɗaya shi ne ƙasa. Rairayin Kurdufan da muke ce wa goz, jigawa ce irin ta Daura da Gumel, wurin gero da gyaɗa da dakwara mai zubar da ƙaro. Baƙar lakar Jazira da Gadarif mai tsagewa da rani kuwa 'yar'uwar firgin Dikwa ce, inda ake dasa masakwa.

Bature ta teku ya shigo. Kowanne ya kama ɗan bakin gaɓa, ya yi ta turawa ciki, saboda haka iyakokinsu suka yanke saƙin a tsaye maimakon su bi zubensa. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙa'idar rabo aka kafa. Layukan kansu a ciniki aka ja su, ƙasa biyu-biyu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa na son hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Siririn wuyan Kamaru da rular Hafsa ta tsallaka, Jamus ce ta dage sai ta taɓa tafkin. Dikwa ma a hannun Jamus take a da, sai bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingila, kuma sai da ƙuri'ar 1961 ta tabbata a Nijeriya. A ɓangarenmu, bayan yaƙin Karari da Ingila ta ci Sudan a 1898, saura ƙiris Ingila da Faransa su gwabza a Fashoda. A 1899 suka shirya, Wadai ta Faransa, Darfur ta Ingila, alhali sarakunan biyu suna kan gadonsu ba wanda ya shawarce su. Faransa ta shiga Abashe a 1909, aka kashe Sarki Ali Dinar a 1916, aka kammala shata iyakar a 1924, ta ratsa ƙasar Masalit.

Tambaya ta biyu, ka bi layin dogo za ka ga amsar. Jirgi ya isa Kano a 1911, ba da daɗewa ba aka haɗa layin da Ikko. Auduga Turawa suka sa rai, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi kuma in kasuwa ta ƙi ana iya ci. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Kusan lokaci guda jirgi ya isa Ubayyid don kwasar ƙaro zuwa wannan tashar da nake zaune, wadda aka buɗe a 1909. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka buɗe gonar auduga ta Jazira don masaƙun Lankasha a Ingila. Riba kashi 40 na manomi, 40 na gwamnati, 20 na kamfani, amma mufattish, wato sufeton kamfani, shi ke faɗin abin da za ka shuka a hawasharka, wato yankin gonar da aka ba ka, da ranar da za a sako maka ruwa. Da aka ƙara yankin Manakil, gonar ta kai kusan eka miliyan biyu. A kudancin Chadi kuwa tun 1928 tilas aka sa wa mutane noman auduga. Kowane dogo daga gona yake tashi ya nufi teku. Namu ya tsaya a Niyala a 1959, nasu ya tsaya a Maiduguri, tsakaninsu har yau babu, Chadi ma ko taku ɗaya na dogo ba ta da shi.

Yanzu ga inda abin ya shafi Hafsa. Jazira na bukatar hannuwa, kuma mahajjata irin su Baba Alhaji su ne hannuwan. Gwamnatin Turawa ta so zamansu. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu suka bar hawashoshinsu, an ba wasu mutanenmu, amma yawanci a kambo suka zauna, wato sansanin 'yan ƙodago a gefen gona, suna aikin lada. Da aka zo dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, a 1957, sai aka ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa ke zaune a nan tun 31 ga Disamba 1897. Ka duba da kyau, Ustaz. Kakanka ya baro Burmi a 1903. Shekara shida ce ta raba shi da layin. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma kalmar baƙo ta riga ta shiga bakin mutane, ita ce ta iso ajin 'yarka.

Hajiya Ta-Damagaram, Jidda

Sannunku da ƙoƙari. Malam, ka yi haƙuri, ka kuma ba ɗiyata Hafsa haƙuri. Injiniya ya yi bayani, amma ɓangarenmu na Nijar a guje ya wuce shi, bari in ƙara.

Ni a Magarya aka haife ni, mahaifiyata kuwa 'yar ƙasar Daura ce. Gonar kakana tana Nijar, surukansa suna Nijeriya, tafiyar hantsi a kan jaki. Harshe ɗaya, sarautu iri ɗaya, har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Amma ɗan wannan gefe ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan wancan ya shiga boko ya koyi Turancin Ingila, in sun girma kowa da birnin da yake kallo.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, suka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Nan ne hedikwatarsu har 1926 da suka ɗauke ta zuwa Yamai. Kakata kan ce abu biyu ne ya kori mutane zuwa ƙasar Ingila, haraji da aikin dole. A zo gari a ɗebi samari a kai su fasa hanya ko dakon kaya, ba ko tamma. Sai a 1946 aka soke shi. Ƙauye guda kan tashi da dare ya tsallaka iyaka.

Mu ba mu da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano wajen kilomita 1,000 ne, saboda haka kasuwarmu ta gaskiya Kano ce. Duk ranar da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da 2023, tukunyar talakan gefe biyu ce ke fara ji. Kuma kuɗinmu a ɗaure yake da na wasu. A Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa gida biyu. Ina da kaya a Damagaram, turare da abaya da darduma, na ɗauke su bashi da riyal a nan. Masu saye suka biya ni da sefa yadda muka yi ciniki, ba wanda ya cuce ni a cikinsu, amma da na canja sai rabin kuɗin ya zo hannuna. Shekara uku ina biyan bashin nan. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa waje su yi lantarki, mu kuwa kafin 2023 yawancin wutarmu daga Nijeriya ake sayo ta. Ka sa wannan a zanen Hafsa, a gefen sunan Nijar.

Ɗan Yarwa, Madina

Iyayena, ina neman afuwa, ɗalibi ne ni kuma ƙarami a cikinku. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron kada Hafsa ta tashi da fahimtar cewa kafin Bature ƙasar nan lafiya lau take. A 1893 Rabe ya ci Barno ya ƙone Kukawa, kuma daga wajen Hartum ya fito, ba daga Turai ba. Tsofaffinmu har yau in sun ambace shi sai su rage murya. Shi aka kashe a Kusurin da Baba Alhaji ya tsallaka, a 1900. A shekarun nan ne Kano take cikin yaƙin basasa. Hare-haren kama bayi sun kwashe garuruwa a kudancin wannan layi, kuma da yawa daga masu kamun Musulmi ne. Iyaka ma akwai ta, kowace daula da masu karɓar fito.

Sannan an fi shekara sittin da samun 'yanci. Ba Bature ne ya rushe dalar gyaɗa ba. Fari ne da cutar gyaɗa a shekarun 1970, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin masu mulki daga gona. Masaƙun Kaduna a hannunmu suka mutu. Chadi ta fara fitar da mai a 2003, ta bututu zuwa Kiribi a gaɓar Kamaru, hanyar teku dai irin ta da, kuma mu muka sa hannu. Iyakar da rular ta fara gutsira a Rank kuwa a 2011 ta zama iyakar ƙasa da ƙasa, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man Sudan.

Baban Hafsa, Gadarif

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, na karanta wa uwargida labarin ƙanwarka, ta yi hawaye, mun yi mata addu'a bayan isha.

Jiya da la'asar muka shimfiɗa tabarma da Hafsa, na kawo fensir ja da kore. Da ja muka zana dogo, daga Kano zuwa Ikko, daga Ubayyid ta Kusti da Sinnar har Bur Sudan. Da kore muka zana hanyar Baba Alhaji, gari bayan gari yadda ya lissafa. Ban ce mata komai ba. Ta yi shiru tana kallo, can ta sa yatsa tsakanin Maiduguri da Niyala ta ce, "Nan ja bai zo ba, kore ne kaɗai." Sai ta tambaye ni ko riɗinmu ma ja yake bi. Na ce mata yanzu a tirela yake tafiya, amma inda ja ya nufa can ya nufa, haka ma ragunan da ake lodawa a Sawakin zuwa Jidda.

Ɗan Yarwa, ƙanena, na karɓi gyaranka, kuma na gaya mata labarin Rabe da na bayi, don ba na son ta ji shi a bakin wani ta ce na ɓoye mata. Sai dai ban yarda nauyin ya zo ɗaya ba. Yaƙe-yaƙen da ka lissafa sun ci mutane, amma ba su juya fuskar gona ta kalli teku ba, kuma ba su mai da jikan mai hijira baƙo a garin da kakansa ya sare dajinsa ba. Laifin namu, wanda na yarda da kai a kansa ɗari bisa ɗari, shi ne mun karɓi abin yadda aka bar shi mun ci gaba da tafiya a kai.

Injiniya, maganar 1897 ta sa na buɗe akwatin mahaifina. Takardar jinsiyyarsa na ciki, ta yi ja, an naɗe ta a cikin leda tare da carbinsa. Na tuna yadda ya yi ta kai da komo a wani ofishi ina yaro, yau a ce ya kawo shaidu, gobe a ce ya kawo wanda ya san kakansa. Yakan dawo da yamma ya zauna a ƙofar gida bai ce uffan ba, sai ya aike ni in sayo masa goro. A lokacin na ɗauka gajiyar hanya ce. Na nuna wa Hafsa takardar, ta karanta sunan da wurin haihuwa da ƙarfi, ta ce za ta kai makaranta. Na ce a'a, sai dai ta kwafa a littafinta, ita kam ba ta fita daga gidan nan.

Baba Alhaji, saura roƙo ɗaya. Mahaifina ya ce uwar kakana, wadda ta goyo shi daga Burmi, ba ta iso Nilu ba. Ta rasu a hanya tsakanin Abashe da Janaina, a wani zango da ke bakin rafi mai yashi, da dutse a gabas da shi, wata mata daga cikin ayari ta ƙarasa shayar da shi. In Allah ya sa kana tune da sunayen wuraren da lorinku ya tsaya a wannan tsakani, ka sa jikanka ya rubuto mana su a jere, ko da yadda kunnenka ya ji su ne. Hafsa ta bar gurbi a kan koren layin.